Jitar Gwanjon da Na Sayo wa Bakur

Ku samarin da ke shigowa shagona da waya a hannu, kuna nuna mini hoton jita, kuna kirana Ammi, wato baffa da Larabci, kuna cewa, "Ammi Usman, ai danna maɓalli ne kawai," ku nemi wuri ku zauna. Danna maɓalli ba shi ne aikin ba, jikata 'yar shekara huɗu ma ta iya shi. Aikin shi ne ka kalli hotuna goma sha biyu na wata jita mai lantarki da ke rataye a ɗakin mutumin da ba ka taɓa gani ba, a ƙasar da ba ka taɓa takawa ba, sannan ka dubi mai kuɗi ka ce masa, "Saya, na tsaya maka." In ta iso da lahani, ba wanda zai tafi Japan neman mai sayarwa. Nan unguwar Hindawiyya ta Makka za a zo, ta ƙofar nan da kuka shigo.

Ni ba makaɗi ba ne, ko waƙa ɗaya ban iya kaɗawa daga farko zuwa ƙarshe ba. Gyaran rediyo na koya, a wurin Baba Garba, wani Basakkwace da ke da ɗan shago a unguwar Tandabawi. Shekarata ta farko a wurinsa ban taɓa cikin rediyo ba. Fere waya nake yi, ina goge bakin kawiya, wato ƙarfen da muke narka dalma da shi. Yakan buɗe bayan rediyo ya tura mini a gabana ya ce, "Dubi likin nan. Wannan hannun masana'anta ne. Wannan kuwa hannun wani mai gaggawa ne irinka." Sai da idona ya iya raba biyun nan kafin ya yarda na riƙe kawiya. A lokacin na ɗauka mugunta ce. Da wannan idon nake cin abinci har yau.

Jita ta farko da na taɓa, a naɗe cikin bargo aka kawo ta, kamar marar lafiya. Wani mai kiɗan biki ne ya shigo da ita, yana waige-waige. A zamanin nan ba a yawo da kayan kiɗa a fili a garin nan, kun ji labari ko da ba ku gani ba. Baba Garba ya leƙa bargon, ya kawar da kai ya ce, "Usmanu, ga wani aikin waya nan, kai shi ɗakin ciki. Ni ban ga kome ba." Waya ɗaya ce ta cire a cikinta. Na liƙe, mutumin ya gaya wa abokinsa, abokin ya gaya wa wani. Sashen katako kuwa a wurin wani tsoho mai sassaƙa udu, garayar Larabawa, a Jidda na koya, ina zuwa masa duk Juma'a da yamma, ina riƙe masa abin da ya ce in riƙe. Da na buɗe nawa shagon, lasifika da amfilifaya na masallatai da na ɗakunan biki ne a gaba, jita tana ɗakin ciki.

Wajen farkon shekarun dubu biyu da goma ne na fara sayowa daga gwanjon intanet. Masu kiɗa sun gaji da tarkacen da ake samu a nan, masu kyau kuma sai wanda ya yi tafiya waje. Na lura mutanen Japan suna riƙe kaya da tsafta, kuma in akwai tabo suna ɗaukar hotonsa su nuna. Turancina bai wuce na bayan rediyo ba, amma na'ura tana fassara, kuma ba hira nake so da su ba. Hotuna huɗu nake nema, wanda ya ƙi ba ni ko ɗaya daga ciki, na bar masa kayansa.

Na farko, a ɗauki wuyan jitar daga kai, a miƙe, yadda kafinta ke leƙa katako da ido ɗaya. In wuya ya lanƙwashe gaba ko baya, akwai ƙarfe a cikinsa da ake juyawa ya miƙe. In ya murɗe gefe, ba ta da magani, ko kyauta ce kada ka karɓa. Na biyu, bayan kai, inda ake ɗaura tsirkiya, domin nan take karyewa in ta faɗi, nan kuma ake ɓoye gyara da fenti. Na uku, a kwance murfin baya in ga likin dalma, in san ko hannun masana'anta ne ko wani ya shiga ya musanya kayan ciki. Na huɗu, inda fenti ya goge. Hannun mai kiɗa yana da wuraren da yake gogewa, bakin jiki inda damtse ke hawa, da bayan wuya daga sama. In na ga gogewa a inda hannu ba ya zuwa, na san an sa takardar yashi ne don ta yi kama da tsohuwa.

Kuna yawan tambayata, sabuwa ko tsohuwa. Sabuwa tana da takardar garanti, gaskiya ne, amma ka taɓa ganin wanda ya mayar da jita ƙetaren teku saboda takarda? Kuma katakon sabuwa bai gama motsi ba. An yi ta a ƙasa mai danshi, ka kawo ta Makka inda iska ke busar da wanki kafin ka gama shanya na ƙarshe, wata uku sai ka ji 'yan ƙarafan da ke kwance a wuyanta sun fito gefe suna yankar yatsa. Wadda ta shekara talatin ta riga ta yi duk motsin da za ta yi. Amma ina gaya wa kowa, in ba ka da idon duba hoto kuma ba ka da wanda zai duba maka, sayi sabuwa ka huta. Tsohuwa ta mai ido ce.

Akwai kuma sha'anin lokaci. Gwanjon Japan yawanci da la'asar ɗinmu yake rufewa, daidai lokacin da ake kiran salla a rufe shaguna. Ku kuna zama kuna jiran daƙiƙar ƙarshe, zuciya na bugawa, wani ya ƙara ku ƙara, har ku wuce abin da kuka yi niyya. Ni ban taɓa samun wannan damar ba, kuma rashinta ne ya cece ni. Nakan rubuta iyakar abin da jitar ta kai a wurina, in ja ƙofa, in tafi masallaci. In na dawo na tarar tawa ce, alhamdu lillahi. In wani ya ɗara ni, ya biya abin da ba ta kai ba.

Bakur direban tasi ne a unguwar Zahir. Sunansa Abubakar, iyayensa mutanen Damagaram ne, shi kuwa a nan aka haife shi kamar ni. Shekara ashirin yana kiɗan biki a istiraha, gidajen hutun nan da ake haya a bayan gari, da wata jita mai arha da na yi wa faci har ba sauran wurin faci. Bahago ne, wannan ku riƙe shi, domin jitar bahago daban ake ƙera ta, kuma cikin jita da yawa da ƙyar ka ga ɗaya. Da abubuwa suka fara sakewa a ƙasar, aka fara kiɗa a dandali a Jidda, wani mai haɗa ƙungiyar makaɗa ya ji shi a wani biki. Ya ce hannunsa ya yi masa, amma ya zo gwaji mako guda bayan aikin Hajji, kuma ya zo da kayan da ba sa ƙugi. Bakur ya haura arba'in a lokacin. Ni da shi duk mun san ba za a sake kiransa sau biyu ba.

Ya shigo shagon nan da hoto a waya, fuskarsa kamar ta ango.

"Ammi, na samu. Wani shago a Jidda yana da ta bahago guda ɗaya, sabuwa fil, ko leda ba a cire ba. Gobe zan ɗauko."

Na duba hoton. Ba laifi, amma ba ta kai kuɗin da aka sa mata ba. Na juyo masa allon kwamfutata. Kwana uku ina kallon wata a gwanjo, ƙirar Amurka, ta bahago, ta haura shekara talatin, likinta duk na masana'anta, wuyanta a miƙe sak.

"Wannan fa duk ta goge," in ji shi. "Mutanen Jidda za su ce na tsinto ta a bola."

"Mutanen Jidda da kunne za su gwada ka. Wadda ka nuna mini tana da kyau a bango. Wannan ita ce ta aiki."

"In ba ta iso ba fa?"

"Kwana goma take yi a hanya, muna da wata guda da ɗoriya. Saya, na tsaya maka."

Ya ce, "Halas, shi ke nan, Ammi. Yadda ka gani." Washegari na rubuta iyakata, na tafi la'asar, na dawo na tarar tamu ce.

To, ga inda na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Duk shekarun nan, ban taɓa sa an aiko jita Makka ba. Adireshin wani ɗan baffana mai sayar da kayan mota a Jidda nake rubutawa, in je in ɗauko, in lulluɓe da darduma a bayan mota. A wannan karon, da aka zo wurin rubuta adireshi, sai na tsaya. Na ce a raina, zamani ya canza, ba wanda zai tare ni, shekara talatin ina aiki a ɗakin ciki kamar mai laifi. Ina so in ga kwali ya sauka a ƙofar shagona da sunana a jiki. Na rubuta Hindawiyya, Makka. Girman kai ne ba wani abu ba. Kuma ni da aka haifa a garin nan, na san watan Zulƙida muke ciki, na san abin da ke faruwa da hanya in alhazai suka fara cika gari.

Mai sayarwa ya yi jinkirin mako guda, kwastan suka riƙe ta wasu kwanaki, duk wannan ba sabon abu ba ne. Da Jidda na rubuta, ranar da aka sake ta zan ɗauko. Amma tunda Makka ce a jikin kwalin, sai kamfanin jigilar ya loda ta a babbar motar da za ta shigo Makka, aka rufe motar, aka sa mata hatimi. Kafin ta tashi aka tsaurara shiga gari, mota ba ta wucewa sai da tasrihi, takardar izinin lokacin Hajji. Aka ajiye ta a wani fili a kan hanyar Jidda. Shekarar nan kuwa Hajji ya faɗo tsakiyar zafi, cikin watan Agusta.

Na je filin sau biyu. Motoci ne jere a rana, ba ko inuwar sanda. Na ɗora tafin hannuna a jikin ɗaya, ban iya barinsa ba. Mai gadin, wani mutumin kirki, ya ba ni ruwa ya ce, "Ya Ammi, ofis sun tafi hutu, makullin ba ya hannuna. Sai bayan Hajji." Na buga wa shagon nan na Jidda waya a ɓoye, in ji ko sabuwar tana nan. An sayar da ita.

Ban jira Bakur ya ji a wani wuri ba. Na same shi inda suke ajiye tasi, na gaya masa duka, har da dalilin da ya sa na rubuta Makka. 

"Da ka bar ni na ɗauko waccan," ya ce. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Da na bar ka. Laifina ne, ba na Japan ba, ba na masu mota ba."

"Yanzu me ya rage?"

"In ta fito da rai, zan tashe ta. In ba ta fito ba, ban san abin da zan ce maka ba."

Hajjin nan na yi shi ina gyaran lasifikan tantuna a Mina, kamar kowace shekara, amma hankalina yana cikin motar nan. Duk lokacin da gumi ya zubo mini a ido sai in tuna ni a waje nake, ita tana cikin akwatin ƙarfe.

Kwana goma sha shida ta yi a ciki. Aka kawo kwalin saura kwana huɗu gwaji, aka sauke a ƙofar shagona da sunana a jiki, yadda na so, ban ko iya kallon rubutun ba. Bakur ya iso kafin in shigar da shi. Ya zaro wuƙa zai yanka.

"Ajiye," na ce. "Yau ba za a buɗe ba."

"Ammi, kwana huɗu ya rage."

"Uku za su rage. In ka fito da ita daga wannan zafin zuwa sanyin shago, fentinta zai tsattsage, katakon ma zai iya bi. A kwalinta za ta huce."

Na kashe na'urar sanyi, muka zauna muna gumi muna kallon kwali kamar masu zaman jinya. Daga baya ya tashi ya tafi aikinsa ba sallama.

Da safe na buɗe a gabansa. Abu na farko, na ɗaga ta na leƙa wuyan da ido ɗaya. Ya ɗan lanƙwashe gaba, amma bai murɗe ba. A nan ne na saki numfashi. Tsohon katako ya riƙe. Bayanta kuwa fenti ya yi laushi, ƙyallen akwatin ya manne ya bar zanensa. Na jona ta da amfilifaya, na ɗan ƙara murya, sai ta ƙwala wata ƙara mai shiga ƙwaƙwalwa, har maƙwabcina mai ɗinki ya leƙo. Bakur ya dafe kai.

Na san mene ne. Ƙarƙashin tsirkiya akwai abin da ke ɗaukar sauti, Larabawa suna ce masa lagiɗ, ni kunnen jita nake ce masa. Siririyar waya ce kamar gashi aka naɗa sau dubbai, aka tsoma a kaki don kada ta yi rawa. Zafi ya narkar da kakin ya tsiyaye, ga shi nan ya daskare a ƙarƙashin murfi. Ku da kun sayi sababbin kunnuwa kun sa. To ba lokacin odar su, kuma muryar da na sayo wa Bakur a cikin waɗannan take.

Na sayi kyandir, na je wurin wani mai sayar da zumar Ɗa'if na karɓi kakin zuma, na tafi gida na ɗauki tukwane biyu na Ummu Hafsa, matata. Ta tsaya a bakin kicin ta ce, "Abu Hafsa, in tukunyar nan ta dawo da wari, kai za ka ci abin da aka dafa a ciki." Ƙaramar tukunya a cikin babba mai ruwa, wuta ƙasa-ƙasa, ma'aunin zafi a ciki. In kakin bai yi zafi ba, ba ya shiga tsakanin waya. In ya wuce kima, robar da aka naɗa wayar a kai ta narke, shi ke nan an yi jana'iza. Na ɗaure kunne na farko da zare na saka, ina kallon 'yan kumfa suna tasowa. Sai kumfar ta tsaya ake cirewa. Guda uku ne, kowanne kusan sulusin awa, ban zauna ba, ban amsa waya ba. Da na mayar da su, na yi likin yadda Baba Garba da yana raye sai ya duba sau biyu kafin ya ce hannuna ne.

Wuyan kuma ba a yi masa gaggawa. Kwatan juyi na yi wa ƙarfen ciki, na bar shi ya kwana, washegari na ƙara wani kwatan. Na bi gefen 'yan ƙarafan da magagari ɗaya bayan ɗaya, na sa sababbin tsirkiyoyi, na ja su har suka daina sauka. Ana gobe gwaji na kira Bakur, na ƙure muryar amfilifaya, na miƙa masa. Shiru, ko ƙugin sauro babu. Ya kaɗa kusan awa guda bai ɗago kai ba. Da ya gama ya ce, "Gobe tare za mu je." Ba tambaya ce ba.

Wurin gwajin babban ɗaki ne a Jidda, da rana tsaka, ƙofa a buɗe, mutane suna shiga da fita da kayan kiɗa a hannu ba bargo ba darduma. Samari biyu suka riga shi, da jitoci masu sheƙi. Da Bakur ya fito da tasa, na ga ɗaya ya taɓa ɗan'uwansa da gwiwar hannu. Na tsaya can baya, riƙe da akwati. In kun tambaye ni me ya kaɗa, ban sani ba. Ƙarar nan kawai nake saurare, ina jiran ta dawo. Shugaban ƙungiyar ya sa aka ƙara masa murya, ya sake sa aka ƙara, mai ganga ya shigo, mai udu ya shigo. Ba ta dawo ba. Sau biyu aka tsayar da samarin can a tsakiyar kiɗa, Bakur kuwa sai da ya kai ƙarshe, aka ce ya sake wata.

Ya sauko ya nufo ni, fuskarsa ba ta nuna kome ba.

"Sun ce in dawo ranar Alhamis, in zo da hoton fasfo a rubuta ni cikin ƙungiyar," ya ce. Sai ya miƙo mini jitar. "Ammi, tsirkiya ta uku tana ɗan sauka."

Na durƙusa nan a tsakiyar ɗakin, na zaro sukudireba daga aljihu, na ɗora ta a cinyata. Mutane suna wucewa ta gefena, wasu suka tsaya suna kallon hannuna. Ban taɓa jin alfahari da sana'ata kamar na wannan lokacin ba, kuma ban yi sauri ba. Sai da na ɗaure ta yadda ya kamata, na gwada sau uku, sannan na tashi na miƙa masa kayansa.